Hotunan da Man-seok Ya Goge

Shekara ashirin da shida ina sayar da naɗin shinkafa a layin bayan kasuwa a garin Gunsan, kuma bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Pyo Man-seok mai gyaran keke. Shiru-shiru ne shi. Sai ya wuni yana liƙe taya, in ya ji yunwa ya ƙwanƙwasa bango sau biyu in kai masa abinci.

'Yarsa Da-som tana da shekara uku aka kwantar da matarsa Eun-rye a wani asibiti a Seoul. Tafiyar da nisa, ga shago, ga yarinya. Wani abokin cinikinsa ya buɗe masa shafi a intanet, ya koya masa sa hoto. Kullum da safe ya ɗauki Da-som, ko tana cin abinci ko tana kuka, ya sa, ya rubuta a ƙasa: "Eun-rye, ga 'yarki yau." Ita kuwa tana gani daga kan gadonta.

Bayan shekara biyu Eun-rye ta rasu. Na ɗauka zai daina, amma washegarin gama makoki na gan shi durƙushe a ƙofar shago yana ɗaukar yarinyar hoto. Haka ya ci gaba har ta shiga sakandare ta fara kare fuska da hannu. Hotuna sun haura dubu uku, kuma kowa na iya gani, don bai ma san ana kulle shafi ba.

Bara, Da-som tana koyon aikin koyarwa a wata firamare a Jeonju, ta shiga aji ta tarar yara sun haɗa kai kan waya suna ƙyalƙyala dariya. Tallar maganin ciwon cikin yara ce. Wani kamfani ya kwaso hotonta na lokacin da take shekara uku, zaune kan fo tana kuka, ya ba na'urar ƙirƙirarriyar basira, ta motsa bakin ta sa masa murya yana roƙon a saya masa magani. Wani yaro ya binciko asalin hoton, ga sunanta cikakke a shafin ubanta.

Ranar ta hau motar Gunsan. Ina yanka kabeji na jiyo su ta bango.

"Baba, ka goge shafin nan."

"Ai ba naki ba ne, na mahaifiyarki ne."

"Fuskata ce fa, Baba! Ka taɓa tambayata?"

"Shekararki uku. Me zan tambaye ki?"

Ta fito ta shigo wurina tana share hawaye. Na zaunar da ita na zuba mata miya mai zafi. Ta ce, "Goggo, lauya ya rubuta wa kamfanin, sun sauke tallar. Amma ya ce muddin shafin yana buɗe, gobe wasu za su kwashe. Na je ofishin da ke taimaka wa matasa goge tsofaffin abubuwansu na intanet, sun ce wanda uba ya sa, ya fi sauƙi shi ya cire da hannunsa."

Kwana uku Man-seok bai ƙwanƙwasa bango ba. A na huɗu na kai masa abinci ba tare da ya nema ba. Na same shi da tabarau a kan hanci, yana kallon kwafin tallar a waya, yana maimaitawa.

Na ce, "Baban Da-som, kana so ka kashe kanka da yunwa ne, in rasa mai cinye min ragowa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar nan cikinta ne ya ɗaure. Na sa hoton don uwarta ta gaya min abin da zan ba ta. Ta ce ruwan ɗumi da zuma." Ya ajiye wayar. "In na goge, wa zan riƙa gaya wa?"

Na ce, "Yarinyar tana nan da ranta. Gaya mata."

Ya buga mata waya, ya ce zai goge, amma ba zai iya shi kaɗai ba. Ta zo ranar Asabar. Ta nuna masa za a iya kwafe komai a ajiye a gida kafin a goge da dannawa ɗaya. Ya ce a kwafe, amma gogewar ɗaya bayan ɗaya zai yi.

Suka zauna kan benci tsakanin kekunan mutane. Ashe Da-som ba ta taɓa karanta rubutun da ke ƙasan hotunan ba, kunya take hana ta. Ta fara karantawa a bayyane. "Eun-rye, yau na yi mata kitso, maƙwabciya ta ce kamar gidan tsuntsu." Ta leƙo ta taga ta ce, "Goggo, ke kika faɗi haka?" Na ce ni ce, kuma ban yi ƙarya ba. Suka yi dariya, can kuma sai na ji jan hanci.

Asabar bakwai suka yi. Ta zaɓi hotuna arba'in aka wanko su a takarda, har da na kan fo, ita ta ce a sa shi. Da aka zo goge na ƙarshe, ita ta riƙe masa wayar, shi ya danna.

Yanzu tana koyarwa a wani ƙaramin tsibiri, yara goma sha ɗaya ne a makarantar duka. Makon jiya ta turo masa hotonta da sabon gashi, ta rage shi har wuya. Ya shigo shagona da wayar a ƙirji, na miƙa hannu, ya ce, "Tsaya tukuna." Ya kira ta.

"Da-som, Goggonki tana so ta gani. In nuna mata?"

Na jiyo muryarta tana dariya: "Nuna mata, Baba. Amma ka ce kar ta ce komai kan gashin."

Na karɓa na duba. Ya yi mata kyau ƙwarai, kuma na faɗa.