Turaren Kakar Manar

Duk wanda ya zauna unguwar Tandabawi a Makka ya san Inna Yalwa, ko bai san fuskarta ba ya san ƙamshin lungunta. Daga Sakkwato ta zo Hajji da ƙuruciyarta, jirgi ya tashi ya bar ta, ita ma ba ta bi shi da kallo ba. Shekara goma sha tara ta yi tana girki a gidan wasu Indiyawa a unguwar Jarwal. Can ta koyi murza capati, gurasarsu, ya kumbura a kan wuta, da wata gurasar mai ninki-ninki da suke kira farata, da sambusar dankali, da acar, haɗin mangwaro mai tsami da yaji mai sa mutum runtse ido. Kafin su koma ƙasarsu, tsohuwar gidan ta koya mata haɗa turaren wuta da sandal da itacen ud da ruwan wardi, har da abin da Inna ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da wannan ta riƙe kanta. Ba ta da iƙama, takardar zama, don haka ba shago, ba allo a ƙofa. Suna kawai ta mallaka. A ce turaren Yalwa, mata su miƙe zaune.

Sai ga Manar, ɗiyar maƙwabciyarta Maryama, haifaffiyar nan, wadda Hausarta sai ta dogara da Larabci take tafiya. Ta ce za ta tallata mata turaren a waya. Inna ta yarda, don a bayanta yarinyar ta yi wayo. Ba a yi wata uku ba kwalabe suka fito da takarda mai ruwan zinare: Turaren Manar, gadon kakarta. Wace kaka? Ni na san kakar, Allah ya jiƙanta, ko garwashi ba ta iya hurawa ba.

Inna ta haɗiye wannan. Abin da ya ƙi haɗiyuwa ya faru ne a wata walima, ina zaune. Wata baƙuwa ta tambayi wace ce tsohuwar da ke zagayawa da kasko, Manar ta ce shaggalarsu ce, wato 'yar aiki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Inna kuwa ta ci gaba da zagayawa, fuska ba yabo ba fallasa.

Da Hajji ya gabato, Manar ta ga gara ta haɗa da kanta ta huta da tsohuwa. Ta zo da zaƙin baki tana neman sirrin. Inna ta yi ta ja mata rai har kwana huɗu, sannan ta raɗa mata cewa sunansa hing, a shagon Indiyawa ake samu. Ta ce ta zuba da yawa, kada warinsa ya tsorata ta, in an toshe kwalba kwana arba'in shi ke komawa ƙamshi.

Da Inna ta ce haltit, sunansa na Larabci, da ko Manar ta gane. Ƙaro ne da Indiyawa ke jefa ɗan mitsitsi a miyar wake. Kwalba ɗari biyu Manar ta cika.

Ranar buɗewa ta tara manyan mata a falo, aka rufe tagogi saboda sanyin na'ura, ta zuba a garwashi da hannunta. Wari ya tashi kamar an ƙona ruɓaɓɓiyar albasa da tafarnuwa. Mata suka yi waje, wata ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Sati biyu labulen gidan na shanye a kan soro, ni kuwa kullum sai na leƙa na ji daɗi.

Maryama ta sami Inna tana murza capati, ta ce ta kashe wa yarinya sana'a. Inna ba ta ɗaga kai ba.

"Ni mi na sani, ya ukhti? Shaggala nike. Ta tambayi kakarta."

Yanzu matan lungun suke zuwa da ƙafarsu, kwalaben ba takarda. Manar kuwa, in ta hango Inna, titi take tsallakawa.