Duwatsu Uku a Zauren Baba

Gidanmu gidan wanzamai ne a Ƙofar Sauri. Akwai gidajen da tun zamanin kakana mu ke yi masu askin suna da kaciya da ƙaho, kuma ba a barin irin waɗannan gidaje babu wanzami. Mu biyu ne maza wajen Baba, ni da yayana. Da hannun Baba ya fara rawa, kowa ya san ɗayanmu zai ɗauki zabira ya zauna.

Ni ba na so. A shekarar na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, har na ɗinka fararen kaya na ɓoye a ƙasan akwati. Yaya shi ma hankalinsa yana Kano.

Baba bai tambaye mu ba, don ba ɗabi'arsa ba ce. Wata safiya ya kira mu zaure, ya ajiye duwatsun washi uku da kwanon ruwa, ya ce kowa ya nuna wanda zai wasa aska da shi.

Yaya ya fara. Ko taɓa sauran bai yi ba, ya ɗauki wani ja mai kaushi, irin wanda mahauta ke gyara wuƙa da shi. Na kusa fashewa da dariya. Wannan ai cinye bakin aska zai yi, ka ɗora ta a kan jariri ka jawo wa kanka magana.

Ni kuwa, da rawar kaina, na zauna na yi abin da na ga Baba yana yi. Na ja farce a kan kowanne. Na ɗiga ruwa. Na biyun, baƙi, ya yi santsi da yawa, ruwa ya zame a kansa, aska ba za ta kama ba. Na ukun, mai ruwan toka, ya sha ruwan a hankali, da na goga bakin aska sai ya fitar da ɗan kauri kamar kunu, ba gargada, ba tsaga. Na miƙa wa Baba ina jiran yabo.

Ya jinjina kai ya ce, "Kai ka iya. Yayanka ya tahi Kanonsa, hannunsa ba na aska ba ne."

Sai a lokacin na gane abin da aka tara mu a kai. Na so in yi magana, amma wa zai kalli tsoho mai rawar hannu ya ce masa a'a? Fararen kayan nan asu ne ya ci su.

Na yi aikin, ban kuma yi shi da ha'inci ba. Amma wallahi akwai safiyar da nake goga aska ina jin kamar rayuwata ce nake gogewa. Yanzu ma yawancin mutane sabuwar reza suke so a buɗe a gabansu, tsofaffi kaɗan ne ke neman aska. Saboda su nake zaune.

Bara dutsen nan mai ruwan toka ya lotse a tsakiya, ya daina ba da baki. Ya zo daidai da zuwan Yaya hutun sallah, sai ya raka ni kasuwa. Ina ta jujjuya duwatsu, shi kuma yana waya. Bai ko ajiye wayar ba ya sa hannu cikin tarin, ya ja farce a kan ɗaya, ya ɗiga masa ruwan leda, ya miƙo mini. Ban taɓa riƙe dutse mai kyau irinsa ba.

Na ce, "Yaya, yaushe ka san dutse?"

Ya yi murmushi, ya ƙi haɗa ido da ni. "Mi kake nufi? Tun ba ka iya riƙe aska ba Baba ya koya mani."

Na tsaya da dutsen a hannu, na tuna jan dutsen da ya ɗauka a zauren Baba. Ashe da gangan ya ɗauke shi. Washegari akwai suna a Kambarawa, da wannan dutse na wasa askar.