Gidan Masu Tsayuwa

Shekara talatin da huɗu Ejvind Munkholm ya yi yana zana gidaje a ofishinmu da ke garin Silkeborg, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Fensir a bayan kunne, gemu kullum da ɓurɓushin burodi. Da hannu yake zanensa, sai wani ya kwafa a kwamfuta yana gunaguni.

Da can, in mun gama zane, wani kamfani muke aika wa ya haɗa mana siffar ginin a kwamfuta. Mu yi sati uku muna jira, kafin ya dawo mun canja rabin abin. Da shugabanmu Kresten ya gaji, sai ya sayi na'urorin, ya tura ni na koyo, aikin ya dawo hannuna. Tun daga nan, kafin a aza bulo ɗaya mun gama ginin a kwamfuta, da bangonsa da bututunsa da wayoyinsa. In bututun ruwa zai ratsa ginshiƙi, a teburina muke gani, ba sai magina sun kira suna zage-zage ba. Har tabarau gare mu da mutum zai sa ya zagaya ɗakunansa tun filin yana ciyawa.

Kowa ya ji daɗi ban da Ejvind. Duk Juma'a da safe, in mun taru cin burodi da cuku, sai ya tsokane ni, yana kiran kwamfutata boka.

"Ragna, yau me bokan naki ya gani?"

"Ya ga ƙofar da ka zana tana bugun matakala."

"Ƙarya yake yi! Gidana da hannun nan na zana shi, har yau ko ɗigo bai taɓa yi ba."

Gidan kam ya isa a yi alfahari da shi. Jan bulo ne a bakin tafki, ana sauka falo da matakala uku, tagoginsa sirara, can sama, don a ga ruwa ba a ga titi ba.

A watan Nuwamba matarsa Solvej ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye. Bayan wata huɗu ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ce za ta koma gida in keken guragu zai iya yawo a cikinsa, in ba haka ba sai gidan kula da tsofaffi. Ita kuwa kalma ɗaya ta rage mata da ke fita daidai, gida.

Ran nan na ɗago kai na ga Ejvind tsaye da naɗaɗɗun takardun zanen gidansa da suka tsufa.

"Saka min wannan a cikin bokan naki," ya ce, bai ko kalle ni ba.

Kwana biyu na yi ina gina gidan a kwamfuta, sannan na saka keken. Matakalar ba matsala, gangara za a yi. Amma lungun da ke tsakanin ɗakin kwana da banɗaki santimita tamanin da biyar ne, keken ya ƙi juyawa. Na ja bangon baya, sai kwamfuta ta nuna shi ke ɗauke da rufi. Ɗaya gefen kuma hanyar hayaƙi ce. Dabara bakwai na gwada, kowacce sai an rushe rabin gidan. Ranar na so a ce da gaske bokan nawa maƙaryaci ne.

"Ba ni tabarau ɗin," in ji Ejvind da na faɗa masa. Ya ja kujera ya zauna. "Saukar da ni daidai zamanta."

Na saukar da idon tabarau ɗin daidai tsayin mai zama a keke. Ya juya kai dama, ya juya hagu.

"Ina tafkin?"

"Yana nan, Ejvind. Tagar ce ta fi ƙarfin mai zama."

"Bulo kawai nake gani."

Ya daɗe bai cire ba. Da ya cire, idonsa ya yi ja.

"Shekarata ashirin da tara lokacin da na zana shi," ya ce. "Ban taɓa kawowa ɗayanmu zai zauna ba."

A watan Afrilu aka kai Solvej gidan tsofaffi. Mu muka zana shi. Na tuna ranar da muka zauna a cikinsa da tabarau muka saukar da tagoginsa har gwiwa, Ejvind ya buga tebur ya ce mun ɓata fuskar ginin.

Ya daina zuwa cin burodin Juma'a. Wata Lahadi na kai musu ziyara, na tarar da su a bakin tagar, tana kallon bishiyoyi, shi yana ɓare mata lemo. Da lokacin tafiya ya yi, ya ɗauki rigar sanyinsa, sai ta kama hannun rigar da hannunta mai lafiya.

"Gida," ta ce.

"Gobe, Solvej," ya ce, yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.