Ranar da Hamisu Ya Bar Surukinsa a Bakin Hanya

Gidan Rumji zuwa Cadawa

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tashi, ni da Hamisu, direban motar ɗaukar marasa lafiya ta wurinmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, majon asibitinmu. Ni aka ɗora wa zagaya asibitocin yankinmu kafin damina ta kawo mana amai da gudawa, mu tsara wa zai kira wa, wane ɗaki za a keɓe, ina za a wanke mota. Doka ɗaya ce ta tsaya min a rai: motar da ta ɗauki mai cutar ba ta ƙara ɗaukar kowa sai an wanke ta da ruwan kulorin. Ga shi Hamisu ba ya iya wuce ɗan Adam a tsaye. Ko akuya ce ta ɗaga masa ƙafa sai ya taka birki. Na sha gaya masa wata rana kirkinsa zai kwantar da gari guda.

A shingen Tibiri jandarma ya leƙo, ya ga kayan kariya jibge a baya, ya ce mu wuce. Ƙarfe takwas muna Cadawa muna karyawa da koko da ƙosan dala ashirin. Majon can, shugaban masu jinya, ya nuna min ɗakin da suka keɓe, bokitai a jere. Na nemi abin kushewa na rasa, kuma ni ba kasafai nake rasawa ba.

Agye da Gazawa

A Agye muka wuni, aka amince nan za a riƙa wanke duk motocin gabas. Na kwana gidan wata abokiyar karatuna, ta cika ni da tuwon gero da surutu.

Washegari ƙarfe tara muna Gazawa aka bugo waya daga Gangara: wata mata tana amai da zawo ba tsayawa. Motar Gazawa ta fita da mai naƙuda. A da sai dai a jira ta dawo. Yanzu majon Gazawa ya duba sabon tsarin, ya ce tamu ta je. Muka sa kayan kariya muka ɗauko ta, kafin azahar an ɗaura mata ruwa.

Muka kama hanyar Agye don wanki, kusan kilomita ashirin. Rana ta take. A tsakiyar hanya wani dattijo da sanda da ƙullin kaya ya ɗaga hannu.

"Majo," in ji Hamisu a hankali, "baban mai ɗakina ne. Ƙauyen nan na auro."

Na bar masa hukuncin. Gobe ba na cikin motar nan, dole in san abin da zai yi shi kaɗai.

Ya tsaya can nesa, ya fita, ya durƙusa taku goma daga dattijon.

"Baba, ku gahwarce ni. Ba ni iya ba ku hannu, ba ni iya ɗaukar ku. Mai zawo muka kai yanzu, ba a wanke motar ba."

"Ni za ka bari cikin ranag ga, Hamisu?"

"I, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, ya kalli motar.

"Wurin jikokina za ni, kuma kwano guda muke ci," ya ce. "To mi kake jira? Tahi ka wanke ta. Amalanke ba ya ƙarewa bisa hanyag ga."

Da muka tashi na ga Hamisu yana share ido da kafaɗa, don bai yarda da hannunsa ba. Ban tsokane shi ba. Alfahari ne ya cika min ƙirji.

Gida

Ƙarfe bakwai na yamma muka shigo Gidan Rumji, mota na warin kulorin. A hanya aka bugo cewa matar Gangara ta tashi zaune. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa duk wanda ya ba mu ruwa da masauki. A ƙarshen takardar rahoto akwai tambaya, ko yankin ya shirya. Na tuna Hamisu a durƙushe, na rubuta e.