Katangar Baba Illa

Baba Illa magini ne, na laka, irin masu murza tubali da hannu su shanya a rana. Rabin katangun tsohuwar unguwarmu ta bakin gudura, wato kwalta, a Matameye shi ya ɗora su, har da ta gidanmu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai ka gaji da jira. Amma in zai hau soro, a nan za ka san yana da murya. Sai ya tsaya gindin tsani ya ce, "Mata a kimtsa, za a hau." Ya dakata, ya sake faɗa. Muna yara mukan bi shi muna kwaikwayo, iyayenmu mata su ja mayafi su ci gaba da daka. Ko yana sama idonsa na kan lakarsa. A wurinsa babu rashin mutunci da ya kai namiji ya leƙa tsakar gidan wani.

Matarsa Inna Hafsatu ita ta kwashe surutun gidan duka. Da can kunun tsamiya take sayarwa, kuma wallahi rabin masu saye hira ke kai su. Sai ciwo ya kama ƙafafunta, tafiya ta gagara. 'Ya'yansu mata biyu duk sun yi aure nesa, ɗaya Icirnawa, ɗaya Damagaram. Kullum da safe Baba Illa ke ɗaukarta cak, ya ajiye ta kan tabarma gindin lemon tsakar gida, ya aje mata buta da ƙwaryar fura, sannan ya tafi aiki. Nan take wuni da ɗaurin ƙirji, kai ba kallabi, tana tsinkar zogale. Matan unguwa na shiga na fita. Tsakar gidan nan ita ce duniyar da ta rage mata, kuma ta ishe ta.

Sai aka fara raɗe-raɗin wai jirgin ƙasa zai biyo ta bayan unguwarmu. Jirgin ƙasa fa, a Matameye. Har yau ko guntun ƙarfen dogo ban gani ba, amma alhazan birni sun ji, sun zo da motoci suna taya gidaje. Maƙwabta suka sayar ɗaya bayan ɗaya. Mu ma babanmu ya sayar, muka koma can hanyar Kance, inda in ka manta gishiri sai ka hau babur. Aka rushe katangun da Baba Illa ya gina yana kallo. Da aka zo kansa ya ce wa dillali, "Ita ba ta iya tashi, ni kuma ba na tashi in bar ta." Ya rufe ƙyaure.

Manne da bayan gidansa aka tayar da bene hawa uku, ruwan ɗorawa, kowane ɗaki da barandarsa. 'Yan duwan, wato kwastan, suka kama haya, da ma'aikatan foroje na ƙungiyoyin agaji, da na asibiti. Wanda ya zana ginin nan, Allah ya shirye shi, duk barandun ya juyo da su kan tsakar gidan Baba Illa. Ranar da ya fito ɗauke da Inna ya ɗaga kai ya ga ƙato da singileti yana goge baki a sama, bai ajiye ta ba. Ya juya da ita ɗaki.

Lokacin bazara ne, ɗakin kamar tanda. Inna ta yi shiru, ta rame, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Baba Illa ya je wurin mai benen, aka ba shi ruwan sanyi, aka ce ya yi haƙuri, ko kuma ya sayar. Ya dawo ya ƙara wa katangarsa tsawo. Ita kuwa laka tana da iyakarta, shi ya fi kowa sani. Ruwan farko na damina ya zubar da ƙarin.

Abin da bai sani ba, tuni Inna ta daina wuni a ɗakin. Da ya fita, mazan bene su ma sun tafi aiki, sai ta ja jiki a hankali har gindin lemo, ta yafa zane. A hawa na tsakiya akwai Sakina, ungozoma ce a asibiti, 'yar Tawa, ba ta da kowa a garin nan. Tana shanya wata safiya ta leƙo ta ce, "Inna, ina kwana? Ya ƙafafun?" Shi ke nan, an tsokano Inna. Ni da idona na gani ran da na kai mata gaisuwa: Sakina ta zuro bokiti da igiya, ciki da man zafi da ƙosai, Inna ta cika mata shi da zogale da lemo, suna ta gulmar masu zuwa awon ciki. Inna ta ce mini, "Fati, kada ki faɗa wa Maigida. Zai ji kamar ya kasa."

Shi kuwa bawan Allah yana can yana tara itacen dogon yaro. Da kaka ta yi, aka kawo masa zana cike da amalanke daga Dawce. Tsoho da shi, ya haƙa ramuka, ya kafa dogayen sanduna jikin katanga, ya hau yana ɗaure zana bisa zana har ta tsere wa lemon. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. In ka tsaya tsakar gida ba ka ganin ko baranda ɗaya.

Ina nan da safen da ya gama. Ya wanke hannu, ya ɗauko Inna ya ajiye kan tabarma. Yana ta murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"To, cire mayafin, ki sha iska," ya ce. "Gidanki ya dawo."

"Sannu da aiki, Maigida. Allah ya saka da alheri."

Ba ta cire ba. Can sai muka ji ƙwas-ƙwas a sama. Bokiti ne ya sauko ya tokare kan zana, aka ja shi, aka sake zurowa, ya sake tokarewa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Baba Illa.

Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Sakina ce, yarinyar hawa na tsakiya. Tun da su Fati suka tashi ba mai shigowa. Ita kaɗai ke tambayata yadda na kwana."

Ya daɗe tsaye yana kallon zanarsa. Sannan ya dube ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ni fa? Ba na tambaya?"

"Kai ɗaukata kake yi, Maigida. Ba a haɗa maka biyu."

Ya miƙo mini hannu na ba shi wuƙar da Inna ke yankan lemo da ita, ya jingina tsani daidai ƙarƙashin barandar Sakina, ya fara hawa don ya yanke wa bokitin hanya.