Barka da Sallar da Likita Ya Ba 'Yata

Shekarar da kamfanin nan mai ƙera wayoyi ya sayi wani kamfanin kiɗa mai yin hedifon, na'urar nan da ake ɗorawa a ka ta rufe kunnuwa, babu wanda ya kai ni jin haushi a Beltsville, garin da muke zaune a ƙasar waje, alhali ko sisina babu a ciki. A gidan rediyon da nake aiki ni aka ba labarin. Na karanta shi lafiya lau, amma ina fitowa na fara tare mutane ina gaya musu an cuci kamfanin wayar. A kasuwar garinmu can gida ko yaro ya san zai taya, a ce masa albarka, ya juya kamar zai tafi, a kira shi. Waɗannan kuwa an faɗa musu kuɗi, sun zaro sun biya.

Abin da ke cina shi ne irin wannan hedifon ɗin yana kan 'yata. Aminina ne ya ba ta barka da Sallah, wani likita da muka yi makaranta tare a gida, yanzu yana Mitchellville a wani gida da ban taɓa shiga ban ƙirga tagoginsa ba. Ni kuma a Sallar faifan CD na ba ta. Na daɗe ina juyo shi daga tsofaffin kasakasaina, kiɗan kalangu da kukuma da na ɗauka da hannuna lokacin da nake yawon aiki a ƙauyuka. Ta yi godiya ta ajiye. Na Likita kuwa ta ɗora a ka, ko sallamata ta daina ji. Kishi nake yi sosai, kuma da aminina.

Ranar wata walima a gidansa, maza muna zaune a falon ƙasa, na sake tayar da zancen. Na ce roba ce da waya, an yi mata fenti an tsawwala kuɗi, kuma waƙoƙin ma ba su suka rera ba. Likita ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, ai ba robar suka saya ba. Yaranmu suke so su riƙa sauraronsu, kuma kai ma ka san wuyar samun hakan." Kowa ya gyaɗa kai. Shinkafar da ke gabana ta fita raina.

A hanyar komawa gida 'yata tana kujerar baya tana kaɗa kai. Na yi mata magana, ba ta ji ba. Da muka tsaya a fitilar hanya na miƙa hannu na cire abin daga kanta, na kara a kunnena in ji me suke ɗura mata. Kalangu na ji. Nawa ne, wanda na ɗauka, har da tarin da na yi kafin makaɗin ya soma. Daɗi ya kama ni, na tambaye ta yaya aka yi. Ta amsa da Turanci cewa ba ta da abin da ke kunna faifai, shi ne ta kai wa Baffa Likita ya zuba mata a waya. Sai ta ƙara da Hausarta mai tsami, "Baba, Baffa ya san kiɗa sosai."

Na miƙa mata abinta, na bayanmu yana ta danna mini hon. Har muka isa gida ban gaya mata tarin wane ne take ji ba.