Alƙalin Wasan da Ya Tsaya wa Makara

A wani fili kusa da Bagwai, inda kututturen dawa bai gama ruɓewa ba, ƙauyuka biyu na buga ƙwallo. Alƙalin wasan dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, baƙar rigarsa kuwa ta koɗe. Hashimu ake kiransa. Yadda yake ɗaga yatsa kafin ya yi magana, da alama malamin firamare ne.

A bakin fili akwai wani Alhaji da ƙungiyar alƙalai ta turo daga Kano domin ya auna aikinsa. Makin da zai ba shi yau ne zai kai Hashimu wasannin jiha, ko ya bar shi a ƙauye.

Ana tsakiyar kai hari, sai ga jama'a ɗauke da makara ta gefen filin. Hashimu ya busa usur, kowa ya tsaya cak.

"Malam Hashimu," in ji Alhajin, "wace doka ta ba ka wannan? Ka hana mutane ci, ka zubar da makinka!"

Alhajin bai faɗi ƙarya ba, domin dokar ƙwallo ba ta san makara ba. Amma mamacin maƙwabcin 'yan kallon nan ne.

"Alhaji, a garin nan ba a ihun murna gawa na wucewa," in ji Hashimu. "Rubuta abin da ka gani, kada ka rage."

Alhajin ya girgiza kai, ya rubuta. Hashimu ya san jiha ta kuɓuce masa bana. Duk da haka, sai da mutum na ƙarshe ya shige maƙabarta sannan ya mayar da usur bakinsa.